Alwalata a Gidan Yaƙin Turawa

Maigidana direban bas ne, amma da za a bar shi ya zaɓa, da mai tsaron ƙofar gari ya zama. A Kano ya tashi, a unguwar da bayan gidansu ke kallon badala, kuma tun muna sabon aure yake ba ni labarin yadda suke hawa ganuwa su zamo a kan kwali har wando ya yage. Da muka zo London sai abin ya sami wurin zama. Ya gano ƙasar nan cike take da tsofaffin gidajen yaƙi na dutse, waɗanda suke kira castle, da sarakunansu na da suka gina don su shige ciki su yi ta harbin juna. Daga nan talabijin ɗin falonmu ya daina zama namu. In ya dawo daga aiki ya ci tuwo, sai ya kamo wani dattijo mai rigar sanyi yana shafa bango yana magana ƙasa-ƙasa, Malam kuwa yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin danginsa.

Ko flat ɗinmu na Thamesmead bai tsira ba. Yakan tsaya a baranda ya ce, "Dubi nan, Maman yara. Ƙasa babu kowa sai gareji, mutane duk a sama, ga tafki a gefe. Wanda ya zana wurin nan ya san yaƙi." Ni kuma in ce wanda ya zana shi dai bai taɓa hawa bene da buhun shinkafa ba.

Da babbar 'yarmu ta fara aiki, sai ta saya masa katin shiga irin waɗannan wurare na shekara guda. Ya je shi kaɗai, ya dawo da hotunan duwatsu, ya sake zuwa, sannan ya kafe sai na raka shi. Na yi ta kawo uzuri. Gaskiyar maganar ita ce salla. Duk shekarun da na yi a garin nan ban taɓa yin salla a inda baƙon ido zai gan ni ba. Fitata a tsakanin salloli nake yanka ta: in tafi kasuwar Woolwich da hantsi, in dawo kafin azahar ta yi nisa, in rufe ƙofata in shimfiɗa dardumata. Ba wanda ya taɓa yi mini komai. Kunya ce kawai, da wani tsoro da ban san sunansa ba, na in sa goshi a ƙasa alhali wani yana tsaye a bayana yana kallo. Ga shi lokacin an mayar da agogo baya da awa guda kamar yadda suke yi in sanyi ya shigo, rana ta gajarce, tsakanin azahar da la'asar bai fi a dafa wake ba.

Maƙwabciyarmu Hajiya ce ta karya ni. 'Yar zangon Kumasi ce, tana dafa abinci a wata makarantar firamare, kuma makon nan yara suna hutu. Mace ce mai jiki, mai murya, kuma a Hausarta kowa "ka" ne, mace da namiji. Ta ji muna ja-in-ja ta bango, ta ƙwanƙwasa ta shigo.

"Ƙanwata, ka tashi mu je. Mutumin nan ya ishe mu da labarin dutse. Mu gani da ido, ya huta, mu ma mu huta."

Muka shirya a kan za mu fita da sassafe, mu ga abin da za mu gani, in dawo gida in riski azahar ko da a ƙarshen lokacinta ne. Hajiya ta cika kula da shinkafa da wake irin tasu da yajinta mai baƙin mai. Ni na sa 'yar butata ta roba a jaka, da fulas na ruwan zafi don shayi. Malam ya sa sabuwar hularsa zanna da rigar sanyin wurin aikinsu mai bajo a ƙirji.

A tashar jirgin ƙasa aka ce an soke jirginmu. Muka jira na gaba, shi ma ya zo yana jan ƙafa. Ɗumin cikin jirgi ya kwashe ni, na yi barci mai nauyi a kafaɗar Hajiya, alwalar da na fito da ita daga gida ta tafi. Lokacin da muka iso, azahar ta riga ta shiga.

Ba zan ɓoye ba, wurin ya cika ido. Gini ne murabba'i, da hasumiya a kowace kusurwa, yana zaune tsakiyar ruwa kamar an ɗora tukunya a faranti. Agwagi suna yawo a ruwan. Gada ɗaya ce tak take kai mutum ƙofa. Malam ya tsaya a bakin gadar ya buɗe hannuwa.

"Kin ga ruwan nan? Ba ado ba ne. Da babu shi, sai abokan gaba su haƙa rami ƙarƙashin bango su cinna wuta ya rufta. Gadar nan kuma da ɗage ta ake yi."

"Malam, azahar fa."

"Ai matafiya ne mu. Sai mu haɗa da la'asar in mun koma."

"Tafiyar da ko shayi bai huce a fulas ba? Wane malamin ne ya ce maka wannan tafiya ce?"

"Akwai saɓani a kai."

"To ni ban iya saɓani ba."

Hajiya ta bar mu muna musu. Ta ajiye kularta a kan ciyawa, ta warware ɗankwali na biyu daga jaka ta shimfiɗa, ta ta da salla nan bakin ruwa, mutane suna wucewa da karnukansu. Ita alwalarta tana nan. Na tsaya gefe ina riƙe da jakarta, ina jin kunya a madadinta, ina kuma jin kishinta. Da ta idar ta kaɗe ɗankwalin ta ce, "Saura kai."

Banɗakin wurin yana can baya wajen da ake yankar tikiti, kuma layin yara ya fito har waje. Ko da babu layi, ban iya ɗaga ƙafa in sa a kwamin da mutane ke wanke hannu ba. Na ce bari mu shiga ciki tukuna, wataƙila a sami wani lungu.

Ciki fili ne, rufin ɗakunan duk ya tafi, sai bangaye da murhunan da suka maƙale a sama babu daɓe a ƙarƙashinsu. Malam yana gaba yana bayani, yana haɗa Hausa da Turanci. Ya nuna mana tagogi sirara kamar tsagar asusu, ya ce ta nan ake sakin kibiya, kai kana ganin mutum shi ba ya ganinka. Ya ce in an kasa fasa bango sai a kewaye gidan a zauna, a hana shiga a hana fita, har yunwa ta buɗe ƙofa da kanta. Wannan kam na gane shi. Na leƙa rijiyarsu, na ga madafarsu da murhun da sa guda zai shige, na ce a raina ashe yaƙin ma a hannun mai rabon hatsi yake. Wata mata ce ta san saura kwana nawa gari ya ƙare, tana auna wa dakarai da ƙoƙo, ba kuma za a sa sunanta a allo ba. Malam ya ce daga baya igwa ta zo, ta mai da duk wannan wahala abin kallo.

Saboda bajon da ke rigarsa, wasu tsofaffi mata da miji suka ɗauka ma'aikacin wurin ne, suka bi shi. Sai wani uba da 'ya'yansa. Kafin mu kewaya filin Malam ya tara jama'a, ya bar Hausa gaba ɗaya, muryarsa ta koma irin ta dattijon talabijin. Ni kuwa inuwar bango nake kallo tana tsawo.

Hajiya ta ja ni ta hannu. "Bar shi da almajiransa. Na ga ƙofa can, akwai ɗaki a sama."

Matakala ce mai murɗewa kamar dodon koɗi, matsattsiya, duwatsun sun lotsa a tsakiya saboda ƙafafun mutanen da suka shuɗe. Na tattare zani na hau. Hajiya tana bayana, kafaɗunta suna gogar bango hagu da dama, kula a ka, tana la'antar maginin a hankali da wani yaren da ban sani ba. Muka ɓulla wani ɗaki da ke daidai saman babbar ƙofar shiga. Ba kowa. Na yi sallama duk da haka, don ɗakin wani ne ko da ya daɗe da barinsa.

Sai na ga abin da ya faranta mini rai. A tsakiyar daɓen dutsen akwai rami zagayayye, faɗinsa kamar faifai, an rufe shi da ragar ƙarfe. Duk wadda ta tashi a gidan ƙasa ta san wannan. A gidanmu rariya tana gefen tsakar gida, nan kowa ke tsugunawa da buta, ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya fice lungu. Na ce, "Hajiya, ko ba komai matan gidan nan sun san tsafta. Dubi rariyarsu har da raga."

"Allah ya ji ƙansu," in ji ta. "Ka yi sauri."

Na sirka ruwan fulas da na gora a buta, ya yi ɗumi mai daɗi. Na cire safa, na tsuguna a kan ramin, na yi bisimilla. Hannu, baki, hanci, fuska. Ruwan yana bi ta raga yana ɓacewa tsaf, ko ɗigo bai tsaya a daɓe ba, ina ta yaba wa maginin da Hajiya ta gama zagi. Wajen wanke damtse na ji hayaniya daga ƙasa, na ce yara ne. Na shafi kai da kunne. Na wanke ƙafar dama sosai, har tsakanin yatsu. A nan ne na ji wata murya da na sani shekara da shekaru ta taso ta cikin ramin, da Hausa tsantsa.

"Subhanallahi. Wane ne a sama?"

Hajiya ta durƙusa da ƙyar ta leƙa. Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Ƙanwata, rariyan nan ba waje ya ke zuwa ba."

Na leƙa. Ƙarƙashinmu zauren shiga ne, cike da fuskoki sun ɗago sama. A tsakiyarsu ga hula zanna ta yi duhu da ruwa. Yara suna tafi suna tsalle.

Daga baya na ji yadda aka yi. Malam ya jawo jama'arsa cikin zauren, ya tsaya daidai ƙarƙashin ramin, yana faɗa musu cewa in abokan gaba sun fasa ƙofar farko, sai a sako ƙofar ƙarfe mai haƙora a gabansu da bayansu, su maƙale kamar ɓera a tarko. Sannan ta wannan rami na sama, ya nuna da yatsa, a antayo musu duwatsu da yashi mai zafi da tafasasshen ruwa. Ya ɗaga kai don su gani da kyau. Yaran sun ɗauka cikin shirin ne. Har yau ban tambaye shi a wace gaɓa ta alwalar ya iso wurin ba. Fatana dai bayan kurkurar baki ne.

Na miƙe ina neman takalmi, in sauka in ba da haƙuri, in nemi inda zan ɓuya har jirgin komawa. Hajiya ta riƙe mini zani.

"Ina za ka? Saura ƙafa ɗaya."

"Hajiya, kin ga abin da na yi kuwa?"

"Na gani. Mijinka ne, ba ya narkewa. Lokaci ne ke narkewa."

Ta ɓalle murfin kula ta tara mini a ƙasa, na wanke ƙafar hagu a ciki, ƙanshin shinkafa da wake ya cika ɗakin yaƙi. A bangon gabas akwai irin siririyar tagar nan, amma daga ciki bangon ya buɗe ya yi lungu mai zurfi, daidai tsayuwar mutum ɗaya da sujadarsa. Na san a flat ɗinmu in na fuskanci alƙibla da azahar rana tana dama da ni, nan ma hasken ta dama yake shigowa. Na shimfiɗa ƙaramin mayafina. Tuni na fara jin takun mutane a matakala.

Hajiya ta je ta zauna a kan matakin ƙarshe, ta cika ƙofar bango zuwa bango, ta ɗora kula a cinya.

"Ka yi sallanka. Ni na zauna nan."

Na yi kabbara.

Allah ya yafe mini, raka'ar farko kunnena duk yana ƙofa. Malam ne a gaba, na gane numfashinsa.

"Hajiya, ba ni hanya."

"Babu hanya. Ya na salla."

"Ku ne kuka jiƙa ni?"

"Mu ne. An ce a gani da ido, an gani."

Bayansa wata budurwa ma'aikaciyar wurin tana magana da ladabin nan nasu mai kaifi, tana cewa don Allah a matsa, dole ta ga abin da ke faruwa a sama. Amma ba ta iya wuce Malam, Malam bai iya wuce Hajiya, kuma bai iya komawa ba don yara sun cika matakalar har ƙasa. Hajiya ta gaya mata da Turanci cewa 'yar'uwarta tana addu'a, ta ɗan yi haƙuri, ko tana cin yaji?

Ina ruku'u na biyu na ji Malam ya yi gyaran murya. Mutumin da ruwa ke ɗiga daga hularsa, wallahi bai iya daurewa ba. Ya juya wuya yana gaya wa ma'aikaciyar, wadda a nan take aiki kullum, cewa ta lura da kyau, dalilin da ya sa aka matse matakalar ke nan. Runduna guda za ta zo, amma ɗaya bayan ɗaya za su hau, mutum ɗaya a sama ya ishe su. Hajiya ta ce, "Faɗa musu, Sarkin Yaƙi." Na danne dariya har ƙirjina ya yi zafi, na nemi tsari daga shaiɗan a zuciya.

Da na ɗago daga zaman tahiyar farko, gefen idona ya nuna mini wata 'yar fuska. Wata yarinya ce mai jan gashi ta kutso ta ƙarƙashin hannun mutane, ta ɗora haɓa a kafaɗar Hajiya tana kallona, ko ƙiftawa ba ta yi. Abin da na yi shekaru ina yanka fitata don gudunsa ke nan. Na ji kamar in sallame a nan in ce na yi biyu, Allah ya san uzurina. Amma na riga na miƙe, bakina kuma ya riga ya kama Fatiha da kansa, sai na bi shi. Na sa goshi a kan dutse mai sanyi ta cikin mayafi, yarinyar tana kallo, ba abin da ya faɗo mini. Na ɗago, na sake komawa. Raka'a ta huɗu ban ji kowa ba, ko da yake sun ce a lokacin ne Hajiya ta fara raba wa na kusa da ita abinci a cokali.

Na yi sallama. Ban tashi nan da nan ba. Ta tsagar da ke gabana ana hango gada da ruwa da bishiyoyin da suka yi ja. Na tuna wani ya taɓa durƙusawa daidai nan da baka a hannu, gwiwarsa tana jin sanyin da tawa ke ji, ɗan wata ne, wataƙila ma yana jin yunwa. Ina cikin wannan sai wayar Hajiya ta ɓarke da kiran sallar la'asar daga cikin jaka, da ƙarfinta duka, bangon dutse yana mayar da shi.

Hajiya ta tattara kanta ta tashi, jama'a suka zubo ɗakin. Ma'aikaciyar ta dubi buta, ta dubi murfin kula da ruwa a ciki, ta dubi ƙafafuna ba safa. Ta ce ba a zuba ruwa a cikin ginin, dutsen tsoho ne, kuma wani zai iya zamewa a ƙasa. Na ce ta yi gaskiya, na ba ta haƙuri ban san sau nawa ba, na ce zan sauka in goge. Ta ce an riga an sa alamar santsi. Tana maganar tana cije leɓe, ba ta yarda ta dubi hular Malam ba.

Shi kuwa ya cire hular ya matse ta a hankali, ya kifa ta a gwiwa yana gyara mata kari. Na kasa haɗa ido da shi.

"Malam, ka yi haƙuri. Na ɗauka rariya ce."

"Da ɗumi ma kika sirka."

"Saboda sanyi."

"Na gode da wannan." Ya mai da hular kansa a jiƙe. Ya rage murya. "Kin samu dai?"

"Na samu."

"To alhamdu lillahi. Saura ruwa a butar?"

Babu ko ɗigo. Ya karɓe ta ya nufi matakala, zai tsallaka gada ya bi layin yara, azahar da la'asar duk suna wuyansa. Biyu daga cikin almajiransa suka bi shi da tambaya.

Ɗakin bai watse ba. Mutane suna leƙa ramin ɗaya bayan ɗaya, uban nan yana ɗaukar 'ya'yansa hoto a kansa, yarinya mai jan gashi ta zauna a ƙasa kusa da takalmina. Na sunkuya zan naɗe mayafi, sai na tsaya. Alwalata tana nan, lokaci ya shiga, gida kuma da nisa. Na tambayi ma'aikaciyar ko zan iya ƙara 'yan mintoci a lungun. Ta ce in dai babu ruwa a ciki.

Hajiya ta ce, "In koma ƙofa?"

Na ce, "A'a, zo ki tsaya a nan kusa, ke ma ba ki yi ba."

Na miƙar da mayafin, na gyara tsayuwa, na ta da kabbara.